Akun da Na Shafa wa Kore

Kakata ta wajen uwa, wadda muke ce wa Maama, zanen ƙwarya ce sana'arta. Gidanta na unguwar Makama, lungu ɗaya da namu. Bayan magariba, idan an sauke tuwo, ba ta barin wutar murhu ta mutu, domin a ciki take gasa 'yan wuƙaƙenta na zane. Mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙin ƙwarya na shiga mana ido, amma ko da sanda ba a iya korarmu.

Ba ta yarda a saurari tatsuniya hannu sake. Kowa sai ta miƙa masa sakaina da asuwaki da aka tauna bakinsa, ta jera 'yan kasake a gabanmu: jiƙon karan dafi da kanwa shi ne ja, saiwar rawaya, baban rini na shuɗi, dakakken ganyen wake na kore, sai baƙin gindin tukunya. Duk abin da ya shigo cikin labari, mu zana shi, mu shafa masa launinsa.

A lokacin ina aji ɗaya, kuma ina cikin tasku. Malamarmu ta aiko wa Baba cewa da gangan nake shafa wa itace jan ganye a zane don 'yan aji su yi dariya. Baba mutum ne mai magana ɗaya. Ya zane ni, ya ce idan aka sake kawo ƙarata zai cire ni daga makaranta ya kai ni gonar Bappa, ɗan'uwansa, a Namtari. Ni kuwa wallahi ban san laifina ba. Na dai yarda a raina cewa ni daƙiƙi ne, kuma wannan ya fi bulalar ciwo.

Wata rana Maama ta buɗe da irin tata Hausar, wadda ba ruwanta da mace ko namiji: “Tatsuniya ya zo baƙunta, wa zai ba shi tabarma?” Muka ce mu ne.

Wai a da can duk tsuntsaye ruwan toka ne, har uwa ba ta gane ɗanta. Sai wata tsohuwa mai rini ta kafa tukwanenta a bakin Binuwai, ta ce kowa ya zo ya zaɓa. Hankaka ya zaɓi baƙi, amma ya hana a taɓa ƙirjinsa don yana jin cakulkuli. Balbela ta ce ita wanki kawai take so. Aku kuwa surutu ya ɗauke masa hankali, sai da rini ya kusa ƙarewa ya juyo, ya samu ɗan ja a wutsiya.

“To, a ba aku jan shi,” in ji Maama.

Na tsoma asuwakina, na shafa, na ɗaga sakainata da alfahari. Yayata Adda Mairo ta fara ƙyalƙyalewa, sauran suka ɗauka. Ashe kore na shafa. Na dubi kasaken nan biyu, a idona duk ruwan ƙasa ne, ɗaya ya ɗan fi duhu. Hawaye ya cika mini ido.

Maama ta karɓi sakainar ta kai kusa da wuta. “Ku ne ba ku sani ba,” ta ce. “Wannan ai tsirya ne, ƙanin aku. Shi ya zo daga baya, ya faɗa tukunyan kore gaba ɗaya. Yaro ya riga ni zuwa wurin.” Ta ci gaba da labarin tsirya kamar da ma yana ciki, 'yan dariya suka koma zanen abin da na zana.

Da aka watse ta riƙe ni. Ta ɗauko tumatir biyu daga kwando ta ce in nuna mata nunanne. Na kai hannu zan latsa, ta ce a'a, da ido. Na tsaya ina kallo. Sai ta shafa kaina ta ce, “Ɓingel am, ɗana, idon babana ne ka ɗauko.”

A gidanmu suruka ba ta haɗa ido da mijin 'yarta. Idan Maama ta hango Baba a lungu, kwana take yi, in da saƙo kuma mahaifiyata ce ke kaiwa. Amma washegari da safe ta yafa zane ta taka har zaurenmu. Baba ya rasa inda zai sa kansa, ya cire takalmi ya durƙusa. Tana kallon bango ta ce, “Malam, ajiye bulala. Babana ya yi kiwo har ya tsufa, bai taɓa raba jan saniya da ciyawa don launi ba, kuma ba wanda ya ce masa wawa. Yaro nan zai zauna a makaranta.” Baba ya ce, “To, Inna.” A ranar, shi da kansa ya raka ni wurin malama.

Daga nan Maama ta koya mini launi ta hanci. Ja yana warin kanwa, kore yana warin ɗanyen ganye, shuɗi kuwa ɗoyinsa ya isa shaida. Na riƙa sunsuna kasko kafin in tsoma, Adda Mairo na ce mini ɗan akuya, ni ko a jikina.

Sai da na girma wani likita a Jimeta ya buɗe mini hotuna masu ɗigo-ɗigo, ya faɗi sunan abin da Turanci, ya ce halitta ce, ba ta da magani. Yana ta lallashina, ni kuwa tunanina na wurin tsohuwar da ta gane haka da tumatir biyu, ta kuma ajiye kunyar da ta riƙe duk rayuwarta saboda yaro ɗan aji ɗaya. Ta rasu ina sakandare. Na yi karatun, ina cin abinci da shi har yau, ban kuma taɓa zama na yi mata godiya ba, domin a lokacin na ɗauka duk kakanni haka suke yi.