Idon Malam Idi: Daga Ƙala'at an-Nahal Zuwa Gadarif

Talata, fita daga gida

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka fito za mu Gadarif wajen lauya, ni da Nafisa, 'yar ƙanena marigayi Malam Idi. Idi manomin riɗi ne. Kallo ɗaya yake yi wa ƙwanso ya ce saura kwana huɗu ya fashe, kuma haka za a yi. Da yaƙi ya rufe jami'ar Nafisa, sai ta yi damina uku tana bin sa gona, tana ɗaukar hoto yana faɗin kwanaki. Da hotunan ta koyar da wata manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, har ta iya abin da idonsa ya iya. Burinta ta yi rajistar aikin da sunanta, ko ya buɗe mata hanyar komawa karatu.

Kafin ta tafi aikin tafinta a sansanin 'yan gudun hijira na Umm Rakuba ta sa min manhajar a wayata, ta ce in gwada a gonata kawai. Ni kuwa da kaka ta zo, na sa mai gyaran waya a kasuwa ya tura wa duk mai so, sadaka ga Idi, har manoma suka raɗa mata suna Idon Malam Idi. Da ta dawo ban gaya mata ba. A cikin boksi, motar a-kori-kura da muka hau, na yi ta neman ta inda zan fara gaya mata, ban samu ba.

Shingen bincike

Ƙarfe bakwai da kwata aka sauke mu. Wani soja ya karɓi wayar Nafisa, ya ga hotunan gonaki birjik, ya ɗaure fuska, domin iyakar Habasha ba nisa. Da ya buɗe manhajar sai ya yi dariya.

"Ai wannan Idon Malam Idi ce! Ya Hajj, babana ma yana da ita, da ita ya yanke simsim ɗinsa, wato riɗi. Ku wuce."

Nafisa ta dube ni. Ta karɓi wayarta, ta koma mota.

Gadarif

Mun iso ƙarfe goma saura. Na saya mana ful, wato dafaffen wake, da shayi a tasha, kuɗin ya ninka na bara, ita ko taɓawa ba ta yi ba. Raksha, keke mai ƙafa uku, ta kai mu ofishin wani lauya, Ustaz Bashir, dattijo mai magana a hankali. Tambayarsa ta farko: ko aikin ya fita hannun jama'a?

"Ni na fitar, ya Ustaz," na ce. "Ba da saninta ba."

Ya ce a fahimtarsa abin da ya riga ya bazu ba sabo ba ne a idon doka. Dokar ta tsufa, an rubuta ta tun ba a san na'ura za ta koyi aikin ido ba. Ana maganar gyara: wasu na so a ba wanda aikinsa ya fita ɗan wa'adi, wasu na so a tsaurara kan duk abin da ke tara hotunan ƙasa saboda tsaro. "Amma yau, ya bitti, 'yata, ba ni da takardar da zan ba ki. Sauƙin abin ɗaya ne, ba wanda zai yi rajistarsa ya hana manomanku."

Muka kwana gidan surukina a bayan kasuwar hatsi. Kunya ta hana ni cin tuwon asida da aka kawo.

Laraba, komawa

Lorin buhuna muka samu ƙarfe shida, muka isa gida da azahar. A ƙofar gida na ce ta yafe min, don alheri na nufa.

"Na sani, Baffa," ta ce. "Sunan Baba ya kai har shingen soja. Nawa ne bai fita zaure ba."

Na gode Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Ustaz Bashir da bai ɓoye mana gaskiya ba. Ranar Juma'a bayan salla na miƙe a masallaci, ni da ban taɓa magana a taro ba, na ce idon na Idi ne, amma aikin na Nafisa ne. Sau uku na faɗi sunanta. Iyakar rajistar da nake da ikon yi ke nan.