Idon Gingimari Na Dama

Yayana bai taɓa niyyar zama ɗan dambe ba. Dako yake yi a wani shagon siminti, buhu ɗaya a ka, ɗaya a kowace kafaɗa, yana tafe yana gaishe da mutane kamar hula kawai ya ɗora. Wata rana wani tsohon koci ya zo sayen buhu uku don ya liƙe ɗakin horonsa. Da ya ga Yaya ya kwashe su a sahu ɗaya, sai ya bi shi har bakin mota.

"Samari, ka taɓa dukan mutum?"

"Allah ya kiyaye, Baba."

"To zo in koya maka."

Ɗakin horon a saman wani garejin gyaran mota yake. Matakala goma sha bakwai, ta tara tana rawa, kowa ya san ya tsallake ta. Ciki akwai buhunan yashi uku a rataye, da madubi mai tsaga tun daga sama har ƙasa, da fanka ɗaya wadda ba ta korar warin gumi, sai dai ta raba wa kowa daidai. Har yau in na ji ƙanshin man zafi, can zuciyata take komawa.

'Yan kallo ne suka sa masa suna Gingimari. Turmin farko sai ka rantse barci yake yi, na biyu yana ɗumama inji, amma in ya ɗau hanya babu birki. Yana da shekara ashirin da takwas ya ci kambun masu nauyi, ya riƙe shi shekara biyar. Mai askin layinmu ya manna hotonsa a kan madubi har ba ka ganin ƙeyarka. A gida kuwa, wannan ƙaton da maza ke gudu, in ya ga allura sai an riƙe masa hannu. Mahaifiyarmu ba ta taɓa kallon wasansa ba. Takan ce ba ta yi goyon ciki wata tara don ta zauna tana kallon ɗan wata yana naushin nata ba.

Ni ne ƙaninsa. Shi aka ba ƙashi, ni aka ba baki, shi ya sa yake kirana Aku. Gyaran rediyo nake yi, amma ranar wasa ni ke kusurwarsa da bokiti da soso. Da Koci ya rasu, tawul ma ya dawo hannuna. Ga wanda bai san dambe ba: in mutumin kusurwa ya jefa tawul cikin igiyar da ta kewaye fage, wasa ya ƙare, ɗan wasansa ya sallama.

A karo na uku da ya kare kambunsa, wani ya same shi a idon hagu. Muka ce kumburi ne, zai saɓe. Kumburi ya saɓe, gani bai dawo ba. Ya ja ni bayan buhunan yashi ya gaya mini.

"Aku, hagu ta mutu. In hukumar dambe ta ji, sun karɓe lasisina. Daga ni sai kai."

Da mai hankali ne ni, da a ranar na tona. Amma ina ganin yadda ake buɗe mana ƙofa duk inda muka je, sai na ce za mu san dabara.

A zamanin, gwajin ido kafin wasa ba wani abu ba ne. Likita zai rufe maka ido ɗaya ya ɗaga yatsu ya ce nawa ne. Sai in tsaya bakin ƙofa, in ya ɗaga biyu in yi tari biyu. Ranar da ya ɗaga biyar na kusa amayar da huhuna. Likitan ya sa wa Yaya hannu a takarda, ya juyo ya ce, "Zakara lafiyarsa ƙalau. Kai ne dai ba na so ka bar nan ba a duba ƙirjinka ba."

A cikin igiya kuma na zama idonsa na hagu. Duk lokacin da abokin karawa ya ɗauko hannu ta ɓangaren da ba ya gani, sai in ƙwala ihu, "Siminti!" Yaya ya sunkuya, naushi ya wuce ta saman kansa. Wasa huɗu muka ci a haka. 'Yan jarida suka rubuta cewa Gingimari yana da ido a kunne. Ba su san gaskiya suka faɗa ba.

Matarsa ce ta kama mu. Ta lura yana zuba shayi a gefen kofi, kuma in ta tsaya a hagunsa sai ta yi magana yake sanin tana nan. Sai ta ja shi wajen wani likitan ido na gaske mai na'urori. Likitan ya ce na daman ma ya fara rauni, duka ɗaya mai kyau a kansa, sai duhu har abada. Ta same ni a shago ina cikin wayoyi.

"Aku."

"Na'am, matarmu. Yau kin tuna da ƙaramin miji?"

"Ajiye wasan nan. Ido ɗaya ya rage wa uban 'ya'yana. Wallahi in ya tafi, naka zan ƙwaƙule in sa masa."

"Nawa ai ƙanana ne, za su faɗa ciki."

Ba ta yi dariya ba. Ni ma da ta fita ban ƙara yi ba.

Yaya ya ce wasa ɗaya ya rage, ya kare kambu ya sauka da mutuncinsa. Aka haɗa shi da wani dogon matashi mai hannu kamar sandar tsinko mangwaro. Abin da ba mu lissafa ba shi ne 'yan kallo. Sun daɗe suna jin ihuna, sun ɗauka kirari ne. Ana kaɗa ƙararrawa zauren gaba ɗaya ya ɗauka, "Siminti! Siminti!" Mutum dubu suna faɗinsa da ƙauna, muryata ta nutse a ciki. Yaya yana sunkuyawa inda babu naushi, yana miƙewa daidai inda yake.

Duk da haka ya kai yaron ƙasa sau ɗaya, kuma a maki shi ke gaba. Amma a ƙarshen turmi na bakwai idon dama ya kumbura, saura 'yar tsaga kamar bakin asusu. Ya zauna ina matsa masa ƙanƙara. Na ɗaga yatsu uku a gabansa.

"Nawa ne?"

Ya kasa kunne yana jiran tari.

"Yaya, nawa ne?"

"Ba ni ruwa, sarkin surutu. Turmi biyar ne suka rage. Kuma ka ji da kyau, in ka taɓa tawul ɗin nan, ba ni ba kai."

Ya tashi. Minti ɗaya da shiga na ga yaron ya gane inda ƙofa take, ya ja hannun hagu baya yana auna wannan 'yar tsagar. Ban san lokacin da tawul ya bar hannuna ba.

Shekara huɗu bai yi mini magana ba. Ya koma saman gareji yana horar da wasu, in na hau sai ya juya wa madubi fuska. In mun haɗu gidan mahaifiyarmu, ta bakin matarsa yake aike. "Ki gaya wa wancan ya miƙo gishiri." Ni kuma in ce, "Ki gaya wa zakara an miƙo." A gari ana nuna ni da baki, ga wanda ya sayar da ɗan'uwansa. Ban iya faɗin dalili ba, don in na faɗa, wasa huɗun nan ma sai a ce da maguɗi ya ci. Karon farko ke nan a rayuwata da na riƙe bakina, kuma ban ji daɗinsa ba ko kaɗan.

Sai wata Asabar matarsa ta aiko in zo in duba musu bidiyo, wai ya ƙi kamawa. Wani ne ya kawo masa kaset ɗin wasan, shi kuwa bai taɓa kallo ba. Na goge kan injin, hoto ya fito, na tattara kayana zan gudu. Ta tare ƙofa da kujera ta zauna a kai.

Muka kalla har turmi na takwas. Ga Gingimari a tsakiyar igiya yana kai naushi mai rusa katanga, yaron kuwa yana can gefe taku biyu.

"Aku."

Sai da na waiga in ga ko akwai wani Akun a ɗakin.

"Na'am, Yaya."

"Wa nake duka a nan?"

"Iska ce. Amma ka ji mata ciwo sosai."

Kafaɗunsa suka fara rawa, ya danne dariyar. Sai ga hannun yaron ya ja baya, ga tawul yana shawagi. Ya ce in tsayar. Ya daɗe yana kallon wannan dunƙulen hannu da ke tsaye a iska, saitin fuskarsa.

"Wannan ban gan shi ba," ya ce a hankali.

Matarsa ta tashi wai za ta duba tukunya.

"Amma da ka bar ni turmi biyu, da na kayar da shi."

"Da ka kayar da alƙalin wasa dai, shi ya fi kusa."

"Rufe mini baki. Mayar da shi baya in sake gani."

Na mayar. Ya jawo kujera kusa da talabijin, ya karkata kai ya saita idon dama. Sau huɗu ya sa na mayar masa.