Mai Kwalabe da Maganin Man Motarsa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayin da jama'a suka sani da laƙabin Mai Kwalabe a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin babbar hanya. Mahaifinsa mai haɗa magani ne a asibitin garin, mutum mai tsananin kiyaye awo, wanda bai san "ɗan kaɗan" ba sai cokali da ɗigo. Mahaifiyarsa kuwa kananzir take sayarwa a kwalba a ƙofar gida. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ya tashi tsakanin warin magani da warin mai, har ya girma bai ga wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu ba. Daga mahaifinsa ya gaji ƙa'ida guda wadda ya riƙe hannu bibbiyu, wato matuƙar majinyaci yana samun sauƙi, ba a cire masa ko ɗaya daga cikin magungunan da yake sha.

Karatunsa

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1958, ya kammala a 1965, kuma malamansa sun yi ittifaƙi a kan ladabinsa da tsaftarsa, amma sun yi shiru game da sauran. A 1966 ya shiga makarantar koyon sana'a, sashen kanikanci, inda ya yi wata bakwai kacal ya fito, bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsa da malaminsa. A ra'ayinsa zalunci ne a farke cikin inji alhali ba a fara ba shi wani abu ya sha ba. Daga nan ya koma koyon tuƙi, ya karɓi lasisi a 1971.

Aikinsa da aurensa

A wannan shekarar ya kama aikin direba a wata gonar kaji, yana rarraba ƙwai a shagunan gari, aikin da ya dace da ɗabi'arsa ta tafiya a hankali. A 1978 ya auri ƙanwar wani makanike mai gareji a bayan kasuwa, kuma auren ya zo masa da abu biyu: mace mai haƙuri, da abokin gardama na har abada. A 1984 ya sayi tasa motar, wata a-kori-kura mai shan dizal, ta hannu, fara ce amma farin ya ga duniya. Ya raɗa mata suna 'Yar Fara, ya ci gaba da jigilar ƙwai da ita a matsayin mai zaman kansa.

Kwalba ta farko

A damina ta 1986 'Yar Fara ta fara tari da baƙin hayaƙi, ta kasa hawan da ke bayan gidan ruwa. Ya kai ta wurin yayan matarsa, wato Makanike, wanda ya canja mata filtar mai, ya tsiyaye ruwan da ya taru a tanki. A hanyar komawa gida Mai Kwalabe ya tsaya a shagon kayan gyara, ya sayi wata koriyar kwalba da aka ce tana wanke nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, ya zuba a tanki. Motar ta warware sarai, shi kuwa ya bi gari yana yabon kwalba.

Da labari ya kai wa Makanike, sai ya tako har gida ya ce, "To ni filtar da na canja fa, ado na yi mata?"

"Ai ita filta tacewa kawai take yi, Yaya," in ji Mai Kwalabe. "Ba ta warkarwa."

A nan aka kafa mas'alar da ta cinye sauran rayuwarsa: shin kwalba ce ke riƙe da 'Yar Fara, ko kuwa filta? Mutuncinsa a idon direbobi, da ma a idon kansa, duk a kan amsar ya rataya.

Zamanin bunƙasa

Daga 1986 zuwa 2009 al'amarin ya bi nizami guda. Duk bayan shekara biyu ko makamancin haka motar takan yi tari, ya kai ta gareji a canja filta, ya biya ta shago ya sayi sabuwar kwalba a rana guda, motar ta warke, kwalba ta kwashe lada. Bisa ƙa'idar mahaifinsa kuma bai taɓa cire tsohuwa ba, sai dai ya ɗora. Da haka ya tara mai korar ruwa, da mai sa wa famfon mai santsi, da mai saurin tayar da inji, da mai rage hayaƙi, da mai kashe gansakukar tanki, da mai hana tsatsa, da wasu uku da shi kansa ya manta aikinsu amma bai manta awonsu ba. Har da mai hana dizal daskarewa a ƙasashen ƙanƙara ya saya, ko da yake tun da aka kafa garin mai bai taɓa daskarewa ba. Hujjarsa ita ce, tun da ya fara zubawa ma bai daskare ba.

Ba kowace kwalba yake karɓa ba. Sai ya ɗiga ta a cikin dizal a kwalbar zuma, ya ajiye a taga kwana uku yana duba launi, sannan ya shinshina, sannan ya koma ya tambayi mai shago ido cikin ido ko shi ma yana zuba wa tasa motar. Duk wadda aka zana motar tsere a jikinta ba ya saye, domin a cewarsa 'Yar Fara mai ɗaukar ƙwai ce, ba 'yar iska ba.

Kafinta ya yi masa akwati mai gida goma sha ɗaya. Idan ya je gidan mai sai ya ɗaura gyauton leda, ya fito da sirinji, ya bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya a jere, aikin da ba ya gaza minti arba'in, layi kuwa ya kai titi ana ta danna hon. An ruwaito cewa a wasu gidajen mai, da zarar an hango farar mota sai a juya allo a ce mai ya ƙare. Duk da haka direbobi suna zuwa neman fatawa a ƙofar gidansa, yana ba su amsa dalla-dalla, kuma a nan laƙabinsa ya bi shi.

A 2003 mai ɗakinsa ta yi ƙorafin da tarihi ya kiyaye, inda ta ce ya haddace awon magani goma sha wani abu na ƙarfe, amma bai taɓa tambayarta ko ta sha nata na hawan jini ba. Maganar ta soke shi ƙwarai. Washegari ya koma wurin kafinta aka ƙara gida ɗaya a gefen akwatin, kuma daga ranar shi ke miƙa mata ƙwayarta kowace safiya, bayan ya gama da motar.

Shekarun gwaji

Makanike ya rasu a 2014 yana kan bakansa, ya bar garejin a hannun Auta, ƙaramin ɗan Mai Kwalabe, wanda ya koyi sana'ar a wurin kawun nasa. Rashin ya girgiza Mai Kwalabe fiye da yadda ya nuna, domin ya rasa mutum ɗaya tilo da yake ƙaryata shi kullum. A 2015 babbar 'yarsa, malamar kimiyya a makarantar sakandare, ta ba shi shawarar ya riƙa cire kwalba ɗaya duk wata uku, Auta kuma ya ci gaba da canja filta yadda aka saba, a ga wadda motar za ta yi kewa. Ya amince, ba don yana shakka ba, sai don ya kammala gardamar da marigayi Makanike ya gudu ya bari.

Da ta ƙanƙara aka fara. Wata uku ya yi yana tuƙi gilashi a sauke, kunne a waje, yana jiran tari, tari bai zo ba. Aka cire ta tsatsa, aka cire ta gansakuka, aka bi sauran, 'Yar Fara ko a jikinta. Kafin ƙarshen 2017 kwalabe goma sun koma kan kanta a ɗaki, masu neman fatawa sun ragu, saura koriyar nan ta farko ita kaɗai a cikin akwati. A nan Mai Kwalabe ya ji tsoro, tsoro na gaske. Idan ya cire ta motar ta tafi lafiya, to shekara talatin ya yi yana tsayar da layi a banza. Sai ya shiga kawo uzuri: yau damina, gobe zafi, jibi taya ta suɗe, ba a gwaji da suɗaɗɗiyar taya. Da haka ya ci shekara uku da 'yan watanni.

Jinyarsa

A farkon 2021 ciwon zuciya ya kwantar da shi, ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya fita ransa. Ranar 2 ga Maris da hantsi ya kira Auta ya miƙa masa makulli.

"Ka zuƙe tankin tas, ka zuba mata dizal tsura. Ka yi lodin ƙwai ka bi ta hawan bayan gidan ruwa. Abin da ka gani ka zo ka faɗa mini, kada ka rage komai."

Auta ya aikata yadda aka umarce shi, ya dawo kafin azahar, ya tarar da mahaifiyarsa a tsakar gida tana shanya.

"Ta hau?"

"Ta hau, Mama. Ko tari ba ta yi ba."

Ta matse rigar da ke hannunta ta ce, "To. Kai ne makanike. Ni dai shekara arba'in da uku nake zaune da mutumin nan."

Auta ya daɗe tsaye a bakin ƙofa kafin ya shiga. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a tsakiyar hawa ta mutu. Sai da mutum shida suka tura."

"Hayaƙi fa?"

"Baƙi ƙirin."

"Ƙwan?"

"Ko ɗaya bai fashe ba."

Mai Kwalabe ya lumshe ido ya yi hamdala, ya ce ina ma Yaya yana raye. Sannan ya nemi abinci, ya cinye kwano guda. A kwana taran da suka biyo baya babu mai dubiya da ya fita bai ji labarin hawan ba, kuma ya kafa doka a gaban kowa cewa kada wanda ya zuba wa motar koriyar kwalba sai ya tashi da kansa, domin duk gidan babu wanda ya iya awo.

Rasuwarsa da jana'izarsa

Allah Ya yi masa rasuwa da safiyar 11 ga Maris 2021, yana da shekara saba'in ba kaɗan. Bayan an yi masa sutura an sallace shi, iyalinsa suka ga babu motar da ta cancanci ɗaukarsa sai 'Yar Fara. Sai da aka kama hanya Auta ya tuna cewa maƙabartar tana bayan gidan ruwa, kuma a tanki babu komai sai dizal tsura, kamar yadda duk garin ya sani. Ya duba madubi ya ga tsofaffin direbobi suna biye a ƙasa, wasu har sun naɗe hannun riga.

Motar ta kama hawan da ƙarfinta, injin yana kiɗa lafiya lau. Da suka kai tsakiya Auta ya sa hannu ya murɗa makulli, ta mutu. Jama'a suka yi salati, wani dattijo ya ce wallahi marigayi ya faɗa. Mutum fiye da ashirin suka sa kafaɗa suka tura ta har ƙofar maƙabarta, Auta yana riƙe da sitiyari yana kuka, aka binne marigayi kafin azahar.

Ya rasu ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya biyar: Malama, wadda ta rubuta sakamakon gwajin a takarda yadda aka faɗa mata; da Tela; da Nas; da mai shagon gilashin ido; sai Auta, wanda motar ke hannunsa, kuma har yau ba a ji ya canja maganarsa ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.