Mafarkin da Ya San Taki

Inna ba ta daɗe da fita takaba ba, Baffa, yayan mahaifinmu, ya zo mana da mafarki. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, makarantar boko, a Magariya, sai aka aiko in zo ƙauyenmu can wajen Dungas. Na hau kabu-kabu ina zargin da walakin, don Baffa ba ya tara dangi sai ya hango wani abu.

Ya ce ya yi istihara, an nuna masa cewa gonar mahaifinmu ta koma hannunsa. Ba duka ba, daga jerin gamba na gabas zuwa manyan gawon nan. Na auna wurin a raina. Nan ne Fulani suke sauka da shanunsu duk rani, mahaifinmu yana ba su hatsi su bar masa taki. Faƙon yamma kuwa, inda ko ciyawa sai ta yi da gaske take fitowa, mafarkin bai ko kalle shi ba. Ban taɓa jin mafarkin da ya san taki haka ba.

Na ce, "Baffa, ƙannena marayu ne fa. Cin gonarsu ba haramun ba ne?"

"Wa ya haramta?"

"Allah."

"To, in Shi ya ce a ɗauka, ai ta halatta. Mu doka ta hau, ba Shi ba. Mai abu da abinsa! Ko kai, mushe malamin lakwal, za ka tambaye Shi dalili?"

Wallahi na san akwai lauje cikin naɗi, amma na rasa inda zan kama. Adalci yana da kyau ne don Allah Ya ce a yi, ko Ya ce a yi ne don yana da kyau? In na ɗauki na farko, na miƙa wa Baffa gona. In na ɗauki na biyu, dattawan da ke zaune su ce boko ya sa na kafa wa Ubangiji doka. Na ji haushin kaina fiye da nasa.

Daga bayan zana Inna ta ce, "Yaya, ni dai ba Allah nake tuhuma ba." Dattawa suka sunkuyar da kai, ba mai son musu da mafarki. Baffa ya nome wurin, Inna da yara suka koma faƙo, rumbunsu ba ya kai su damina. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini "an nuna mini", sai na duba abin da zai shiga hannunsa.

Bara ciwo ya kwantar da Baffa. Kamar yadda aka saba, ya sa aka kira dangi yana neman gafara ɗaya bayan ɗaya. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina zargin ko wannan ma wata dabara ce. Inna ta shiga ta durƙusa.

Ya ce, "Uwar yara, ki yafe mini zancen gonar nan."

Ta ce, "Me zan yafe, Yaya? In umarnin Allah ka bi, ba ka yi mini laifi ba. Shi kuma ba ni da bakin yafe Masa."

Baffa ya daɗe yana kallon rufi, hawaye na gangara masa zuwa kunne.

Can ya ce, "Ba Shi ba ne. Ni ne."

Inna ta gyara mayafinta.

"To, yanzu na san wanda zan yafe wa. Na yafe."