Kawu Karɓi da Karen Ƙarfe

A gyara zama, a tashi masu gyangyaɗi! Ga Kawu Karɓi, masinjan kotu, dodon masu laɓewa bayan ƙofa, mai keken da ba shi da birki sai tafin takalmi. Daga bakinsa ya samo sunan, don kafin ka gama amsa sallamarsa ya ce "karɓi", sammaci yana hannunka. Har ta tagar banɗaki ya taɓa miƙa wa wani. Tun da ya fara aiki takarda ba ta taɓa kwana a jakarsa ba. Da wannan yake taƙama, don ba shi da wani abin.

Sai ga shari'ar mai wanki. Lokacin da aka yi yaƙi a bakin gada, sojoji sun girke wani karen ƙarfe mai bindiga a gadon baya, shi ke zaɓar wanda zai harba, ba ya tambayar kowa. Mai wankin asibiti ya zo wucewa da ƙunshin zannuwa a ka, karen ya duba ya ga abokin gaba, ya ɗirka masa harsashi a cinya. Lauyansa ya ce dokar yaƙi ta hana harbin farar hula. Alƙali ya ce ya sani, amma doka mutum take kamawa. In babu wanda ya karɓi sammaci, zai kori ƙarar.

Kawu ya hau keke. Kwamandan sojojin ya tarbe shi da hannu a aljihu.

"Baba, ni na danna? Barci ma nake a lokacin. Nemi injiniyan da ya ƙera shi."

Injiniya ya cusa nasa hannun a hammata. "Ni koya masa kawai na yi, abin da ya yi da karatun ruwansa."

Dillalin da ya sayar da karen kuwa ta ƙasan ƙofa ya amsa cewa ba ya nan.

Da yamma matar Kawu ta leƙa jaka. "Malam, idona ne ko takarda ce za ta kwana mana?"

"Kowa ya ce ba shi ba ne."

"To wa ya yi harbin?"

"Karen."

"Shi ba shi da adireshi ne?"

Ita tsokana take yi. Kawu kuwa bai taɓa gane tsokana ba.

Da safe ya sami karen a bayan ɗakin ajiyar bariki, an cire masa batir, kaji na hutawa a ƙarƙashinsa. Ya yi sallama, ya karanta masa tuhuma, ya ce, "Karɓi." Karen bai karɓa ba. Ƙa'idarsa kuwa, wanda ya ƙi karɓa a taho da shi. Ya aro baro. Sojan bakin ƙofa ma ya kama masa, tunda kwamanda ya gargaɗe su cewa ba ruwansu da karen.

A kotu aka kulle karen tare da wasu 'yan sane biyu, waɗanda nan take suka roƙi a sauya musu ɗaki.

Kafin rana ta take sai ga kwamanda a harabar kotu yana huci. "Uban wa ya ɗauke mini kaya?"

"Ranka ya daɗe, naka ne?" in ji Kawu, tsakaninsa da Allah yake tambaya.

"Nawa ne mana! Ni na sa aka kawo shi, ni na ce a girke shi a gadar!"

Ya faɗa yana buɗe tafin hannu a gaban hancin Kawu. To, hannun Kawu shi ma in ya ga buɗaɗɗen tafi ba ya tambayar kowa.

"Karɓi."

Magatakarda yana tsaye, ya gani, ya ji. Alƙali ya sa ranar zama, mai wanki ya ɗaga sandarsa sama har ya kusa faɗuwa.

Lauya ya rugo ya sami Kawu a tsugune yana mayar da sarƙar keke. "Kawu, ka san abin da ka yi kuwa? Manyan ƙasashe sun yi ta taro a kan wannan magana ba su gama ba!"

Kawu bai ko ɗago ba.

"Ni dai karen da ke kulle cikin nan bai karɓa ba. Matsa, ka take mini riga."