Garin Masarar Mama

Jiya rediyo ya ce kasuwar hannun jari ta faɗi, sai na tuna tsohuwar da na yi haya a gidanta a garin Greensboro na Amurka, wadda ko ɓawon burodi ba ta zubarwa. Ranar da talabijin ta kawo irin wannan labarin, cokali ya suɓuce mata.

Ta ce mini, "Ɗana, tayar da mota."

A wani kanti a High Point Road ta dinga lodar garin masara. Na ce, "Mama, abinci ba zai ƙare ba."

Ta ce, "Haka babana ya ce a shekarun 1930. Masaƙa ta sallame shi, ƙanwata ba ta ga ƙarshen hunturun ba."

Na ƙaro buhu. Allah ya kwantar da ita inda ba a tsoron yunwa.