Kafson Baba da Masu Dubiya

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na ƙwace magani daga hannun aminin mahaifina ba. Mutanen Unguwar Dosa sun ce rowa ce, wasu suka ce boko ne ya cire mini kunya. Duk ba su gane ba. Lissafi ne kawai.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, ban daɗe da gama sakandare ba. Baba tela ne, keken ƙafa yake takawa, da gwiwar nan tasa muke ci. Ƙusa ta soke shi a gwiwar, ya raina abin, sai ga ta ta kumbura kamar ƙwarya, ga zazzaɓi. A asibiti aka zuƙe mugunya, aka sha allurai, sannan aka sallame mu da kwalbar kafso.

Ni da bakina ba ya shiru, na tambayi likita dalilin da za a yi makonni ana sha alhali kumburi ya sauka. Bai ji haushi ba. Ya zana mini layi biyu. Na magani yana hawa in an sha, sai ya dinga raguwa rabi-rabi a jini. Na ƙwayoyin cuta kuwa ninka kansa yake yi. Ya ce gaɓa lungu ce, magani kaɗan ne ke isa can, in layin magani ya faɗi ɗayan zai miƙe, kuma guringuntsi in ya cinye ba ya dawowa.

Muka dawo gida, masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da nasa ciwon. Baba kuwa hannunsa a sake yake. Wata ranar da hantsi na kai masa kunu, na tarar yana zazzaga kafso a tafin amininsa, wani dattijo mai goro daga Rigachikun da ke fama da sanyin ƙashi. Ban tsaya shawara ba, na kwashe.

“Ke! Lafiyarki kuwa?” in ji Baba.

Dattijon ya ce, “Ƙyale ta. Ashe yanzu har maganin ma sai mai satifiket.”

Na ce, “Baffa, ka yi haƙuri, ba irin ciwonka ba ne.” Na ɗauki allin da Baba ke zana yadi da shi na zana layukan nan a kan teburinsa, ina bayani da sauri kamar ana kora ta.

Baba ya ce, “To malama, su ƙwayoyin ma sun yi sakandare ne?”

“Ba su yi ba, Baba. Ninki kaɗai suka iya, amma ba sa kuskure.”

Ya bi layukan da kallo. Can ya shafa gwiwarsa ya ce, “Wato ɗinki ne da ba a kashe bakinsa ba.” Ya miƙo mini kwalbar da kansa. Dattijon dai ko kunun bai sha ba ya tafi.

Baba ya shanye maganinsa tas, kafin damina ta kankama ƙarar kekensa ta dawo zaure. Na koyi cewa kyautar da za ta bar mutum biyu da ciwo ba alheri ba ce. Shi ya sa washegarin rigimar na ba Baba kafson ranar, na ɗaure kwalbar a bakin zanina don kada ya rabar, na shiga motar Rigachikun, na kuwa rantse ba zan dawo ba sai na tasa Baffa a gaba zuwa asibiti, ko yana zagina.